Madubin Lahadi

Madam Eulalia ta cire safar hannu,
ta jefa a kwandon shara, ta ce:
"Mun ƙone su da sanyi, Baltasar.
Za su yi bororo, su bushe, su faɗi da kansu.
Kada ka ɓantare.
Na san hannun ma'aikatan tashar jirgin ruwa,
ba ya ganin ɓawo ya ƙyale."

Tusar jaki guda huɗu,
kowacce ba ta kai ƙwayar shinkafa ba,
a wurin da mutum ba ya nuna wa ko amininsa.
Na fito ina tafiya kamar mai ƙwai a aljihu.
Valparaíso ba garin mai ciwo a matsematsi ba ne:
matakala ɗari da sittin da biyu
tsakanin titi da ƙofar gidana.
Shekara tara ina hawansu, sai ran nan na ƙirga.

Ruwan ɗumi, gishiri rabin cokali.
Ba a gurzawa,
dannawa ake yi da tawul, a hankali, har ya bushe.
Gajeren wando na auduga, burgujeje, irin na kakana.
Sabulu mai ƙamshi ya koma bakin taga,
reza ma ta tafi hutu.

Daren da na gaya wa Ximena, albasa take yankawa.
Ba ta juyo ba. Ta ce, "Tun yaushe?"
Na ce an ce ƙwayar takan yi shekaru a kwance,
ba ta faɗin ranar da ta shigo,
ba ta nuna wanda ya buɗe mata ƙofa.
Wuƙa ta ci gaba da sara a kan katako.
Hawayen kuwa, na bar wa albasa laifinsu.
Da safe ta buga waya asibiti,
ta karɓi ranar da za a duba ta ita ma.
Mako uku muna kwana da matashi a tsakaninmu,
ƙafarta mai sanyi kaɗai ke tsallako iyaka.

An sare ciyawa, saiwa tana ƙasa.
"Wata ukun farko ka sa ido," in ji Madam Eulalia,
"kuma ka rabu da sigari, tana karya maka garkuwar jiki."
Sai na mai da Lahadi ranar sintiri.
In kulle banɗaki, in kunna fitilar waya,
in sa madubin aski a inda ba don nan aka ƙera shi ba.
Jiragen ruwa suna kuka can ƙasa cikin hazo,
ni ina tsugune,
ina karanta fatar jikina kamar takardar sammaci.

Mako na biyar, wani ɗan ƙurji ya hana ni barci.
Ashe gashi ne ya tanƙware ya koma ciki.
Na yi dariya har maƙwabci ya buga bango.

Mako na tara ban yi dariya ba.
Guda ɗaya, can gefe, mai kaushi a ƙarƙashin yatsa.
Na zauna a bakin baho, na daɗe,
ina jin ƙwaɗayin sigarin da na zubar a teku.

Litinin na sauka matakalar.
Madam Eulalia ta duba, ko gira ba ta ɗaga ba.
"Haka suke, sukan leƙo.
Ka zo da wuri, aikin minti biyu ne."
Sanyin ya sake cizo,
na riƙe bakin gado, na ƙirga har goma sha biyu.

Yanzu wata na biyar.
Kwalin kwaroron roba yana cikin aljihun tebur,
kusa da maganin tari da tsohon rasit.
Ban ce na warke ba,
na dai ce yau ban ga komai ba.

Ximena ta ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki.
"Me madubi ya ce?"
"Bai ce komai ba."
"To fito, shayi yana hucewa."